Motar da Ba Ta Cika

A shekarun da nake magana, aikina shi ne in sa na'ura ta yi abin da mutum zai gaji da yi. Kamfaninmu ƙarami ne, yana can Madina wajen masallacin Ƙiblatain, a saman wani gini da ake sayar wa masu ziyara dabino da sallaya a ƙasansa. Hajarmu ɗaya ce, manhajar waya ta kama kujera a manyan motocin da ke zuwa Makka. Kafin nan na yi shekaru ina koyar da kwamfuta a makarantar sakandare, inda hannuna ya saba da jan biro. Da na koma kamfanin sai aka ba ni irin aikin da na baro: wasu su rubuta, ni in nemo musu kuskure. Na ga ya dace da halina, abokan aikina ma sun ga haka, ko da yake ba da nufin yabo suke faɗa ba.

Manhajar tamu ɓawo ce kawai. In ka buɗe ta ka shiga neman kujera, abin da kake gani shafin intanet ne, wata ƙaramar burauza da aka dasa a cikin manhajar ce take nuna maka shi ba tare da ka san ka fita ko'ina ba. Shi kuwa shafin intanet mantuwa gare shi, kana juya baya ya manta da kai. Saboda haka yake ajiye wata 'yar alama a cikin wayarka, wadda ake kira kuki, kamar lambar da mai ajiyar kaya a bakin Masallacin Annabi yake ba ka in ka bar masa jaka. Bai san fuskarka ba, lambar ya sani. Wanda duk ya kawo ta, shi ne mai jaka.

Ni ke kula da waɗannan alamomi. Na rubuta jerin umarni, in an jona waya da kwamfuta aka sake shi, sai ka ga waya tana danna kanta kamar an yi mata asiri. Ta buɗe manhaja, ta shiga da suna, ta kama kujera, ta fita, ta rufe, ta sake buɗewa, a kowane mataki kuma kwamfuta tana duba wace kuki ce ta zauna, wace ce ta tafi, ko akwai wadda ta ƙi tafiya bayan an sallame ta. Don kada gwaji ya cinye kujerun bayin Allah, sai muka yi rumbu biyu, na gaske da na gwaji. Na gwajin yana da nasa motocin da nasa fasinjojin, duk ni na ƙirƙire su. Abu na farko da gwajin yake yi shi ne ya dasa wata kuki ta musamman mai ce wa shafin, mai wannan waya ɗan gida ne, kai shi rumbun gwaji. Abu na ƙarshe kuma shi ne ya share ta.

Akwai shawarwari biyu da na kawo a ofis waɗanda na yi alfahari da su. Na farko, na ba kukin nan ta gwaji tsawon rai, don ta daina mutuwa a tsakiyar aiki tana ɓata mana sakamako. Na biyu, a da shafin gwajin yana da jan layi a samansa da aka rubuta tajriba, wato gwaji da Larabci, na dage sai an cire shi. Na ce a taro, da muryar da nake yi wa 'yan aji magana, jarrabawar da ta bambanta da abin da za a tarar a waje ba jarrabawa ba ce, dole shafin gwaji ya zama tagwaye da na gaske. Aka jinjina kai, aka cire.

Wayoyin ofis duk sababbi ne, masu ziyara kuwa yawancinsu da tsofaffi suke zuwa. Tawa ce mafi tsufa a ginin, har mai shara ya fi ni waya, don haka nakan jona ta a yi gwajin da ita. Wata rana a farkon goman ƙarshe na azumi tana cikin danna kanta sai kira ya shigo daga filin jirgi, cewa Gwaggo ta sauka. Na zare igiyar, na amsa, na ɗauki makulli na fita. Gwajin bai kai matakinsa na ƙarshe ba.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Kakanmu ya taso daga ƙasar Katsina da ɗansa namiji, ya bar ta tana goye a hannun dangin uwarta da niyyar zai dawo, Madina ta riƙe shi. Ita ta girma can ƙasar Katsina, ta yi karatu, ta riƙe makarantar firamare ta 'yan mata har ta yi ritaya. Ni ma a gidanta na zauna shekarun da mahaifina ya tura ni in koyi Hausa kada ta ɓace a gidanmu, kuma abin da na iya na rubutu daga bakinta ne da bulalarta. Mace ce mai harshe. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya, sai dai in ta gama da kai ka gwammace duka. Daga filin jirgi zuwa gidanmu a unguwar Al-Sih ta gyara mini Hausa sau da yawa, ta ce na yi ƙiba irin ta marasa tunani, ta tambayi dalilin da ya sa 'ya'yana suke gaishe ta da Larabci kamar wadda ta zo karɓar haya.

Ta yi Hajji tun da ƙarfinta. Abin da ya kawo ta wannan karon, gwiwoyi sun riga sun tafi, shi ne Umra a cikin Ramadan, wadda ta daɗe tana jin falalarta ba ta samu ba. Ta ce da mu a fili ita ce tafiyarta ta ƙarshe, kuma ba don a tausaya mata ta faɗa ba, kamar mai sanar da ranar hutu ta faɗa. Ayarin da suka zo tare ya wuce zuwa Makka bayan 'yan kwanaki, ita ta ƙi bin su. Tana son ta cika sallolin nan arba'in a Masallacin Annabi kamar yadda mutanenmu suka saba, tana kuma son ta yi ta zuwa maƙabartar Baƙi'a inda aka binne mahaifina, ko da daga bayan katanga ne, ta yi wa yayanta addu'a. Da aka lissafa, sai sallolin suka ƙare da asubar ranar da za a dubi wata. In ta hau motar safe, za ta isa da la'asar, ta yi ɗawafi da sa'ayi kafin rana ta faɗi. In aka ga wata a daren, Ramadan ya tafi. Ta san haka, ta ce ya ishe ta.

Maiɗakina ta yi mini kashedi cewa babu kujera a garin nan, maƙwabtanmu sun nemi jirgin ƙasa sun rasa, sun nemi mota sun rasa. Na ce ta bar mini. Bayan la'asar muna zaune a falo na ciro wayata, na buɗe manhajarmu, sai ga mota wayam, kujeru fari fat daga gaba har baya, a ƙarshen Ramadan, a hanyar Makka. Yaron da ya yi wata guda a Madina ya san wannan ba ya yiwuwa. Ni da aka haifa a nan ban yi mamaki ba, na ɗauka ingancin kamfaninmu ne. Na zaɓa mata kujerar gaba ta jikin taga. Ma'aikata muna da 'yan kujerun kyauta a shekara, don haka ko saƙon banki ban jira ba. Na juya mata wayar ta ga tikitinta.

Ta ɗaga tabarau ta duba, ta ce ashe dai karatun bai tafi a banza ba. A iya sanina wannan ne yabo na farko da ta taɓa yi mini, kuma na kwana da shi.

Da safe na kai ta Bi'ir Ali a motata, don motocinmu a nan suke tsayawa fasinja su ɗauki harami, kuma na ga ya fi mata sauƙi ta hau a can da ta shiga turmutsutsun tasha. Wurin ya cika maƙil, motoci jere kamar raƙuma a mashaya, maza cikin fararen mayafai suna neman takalmansu da ayarinsu. Nan ma na ƙara wata dabara. Na ce mata kada mu jira motar ta iso, ta shiga ta yi raka'o'inta ta ƙulla niyya tun yanzu, in ta zo sai hawa kawai. Ta shiga ɓangaren mata tana dogara sanda. Da ta fito fuskarta ta sauya, leɓɓanta suna motsi da talbiyya, ba ta ko dube ni ba.

Motar ta iso a kan lokaci. Direban Bahaushen Sudan ne, dogo, mai furfura a gemu. Ya ɗora na'urarsa a kan tikitin da ke wayata, ta yi ja. Ya goge fuskar wayar da hannun riga ya sake, ta sake yin ja. Na hau shi da Larabci, irin na ofis, na ce na'urarsa ce ta lalace, na ciro katin aikina na nuna masa cewa ni ne mai gwada wannan manhajar da yake taƙama da ita. Mutane suka fara taruwa. Ya bar ni na gama, sannan ya amsa da Hausa, ina jin don tsohuwar ta ji da kunnenta.

"Ɗan'uwa, ni ban san wannan ba. Na'ura ta ce babu, kujerar kuma akwai mutum a kai tun daga tasha. Ma'alesh, ki yi haƙuri, ya Hajiya."

Na karɓi wayar don in karanta masa lambar tikitin da baki, sai idona ya sauka a kan harafin farko. Harafi ne da ni na zaɓa da hannuna don a riƙa gane tikitin gwaji a cikin rumbu. Ban karanta lambar ba. Na tsaya riƙe da waya a hannu ɗaya da katin aiki a ɗaya, direban yana jira, jama'a suna jira, na rasa inda zan sa katin. Daga baya na lura a aljihun baya na cusa shi, inda ban taɓa sa shi ba.

Na gaya wa Gwaggo gaskiya a wurin, a taƙaice, cewa tikitin ba na gaske ba ne kuma laifina ne. Na ga maganar ta taso mata. Na san alamun tun ina yaro: ta gyara tsayuwa, ta cire tabarau, ta ja numfashi. Na sunkuyar da kai ina jira, har da ɗan jin sauƙi, don wanda aka yi wa faɗa ya biya wani abu. Sai ta mayar da tabarau, ta haɗiye, ta ci gaba da Labbaika. Mai harami ba ya jayayya, ba ya faɗa, ba ya cin mutunci. Na sa ta ɗaure bakinta da kanta, sannan na ba ta dalili mafi girma na buɗe shi.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Na zaunar da ita a inuwa na shiga bin motoci ɗaya bayan ɗaya ina roƙon kujera, ko ta ɗan kwandasta ce. Na kira ofis, wanda ya ɗauka ya tambaye ni ko wasa nake yi. Na kira masu ƙananan motoci, duk sun tafi ko sun cika. Kowane direba yana cewa in jira ta bayansa, ni kuma ina jira, don na kasa yarda cewa abin ya kai haka. Can na dawo na ce mata ko mu koma gida ta huta, gobe a san abin yi. Ta ce, a hankali, ita a karatun da ta yi ba a kwance harami a bakin hanya, wanda ya ƙulla sai ya kai. 

Tun da safe ya kamata in ce zan kai ta da kaina. Abin da ya hana ni shi ne motata, wadda in ta yi nisa take tafasa kamar tukunya, da kuma fatan da nake yi wani zai fitar da ni. Sai da aka yi azahar na haƙura. Muka koma cikin gari neman motar ƙanen maiɗakina, shi kuma yana kasuwa sayayyar Sallah da iyalinsa, aka yi ta kira ana kwatance. Da ya zo ya miƙo makulli bai tambaye ni komai ba, alamar labari ya riga ni isa. Muka sake wucewa ta gaban Bi'ir Ali rana ta riga ta karkata.

Hanyar Makka doguwa ce ga mai azumi, ta fi tsawo ga wanda yake tuƙa gwaggonsa tana shiru. Baƙaƙen duwatsu dama da hagu, motoci a gaba ba iyaka, kowa ya nufi inda muka nufa. Ita tana kujerar baya da casbi, talbiyyarta tana fita ƙasa-ƙasa. Shirun ya yi mini nauyi har na shiga yi mata bayanin abin da ya faru, tun daga kuki har rumbu biyu, kamar in ta fahimci yadda abin yake zai rage girma. Ta saurara kamar yadda take sauraron ɗalibin da ya zo da dogon uzuri. Da na gama ta yi tambayoyinta.

"Wato motar da ka kama mini, babu ita."

"Babu ita, Gwaggo."

"Direbanta fa?"

"Shi ma babu."

"To su wa take ɗauka?"

Na ce wasu mutane ne da na ƙirƙira don gwaji. Ta tambaya ko suna isa Makka. Na ce kullum suna isa, haka na tsara.

"Allah ya karɓa musu," in ji ta.

Sai na ji ta ce astagfirullah, ta maimaita, ta sake maimaitawa, ta daɗe tana yi. Guntun baƙar maganar da ta kuɓuce mata ke nan a duk tafiyar, kuma ita ce take neman gafara a kai. Na riƙe sitiyari da hannu biyu, ban sake yin bayani ba.

Sauran abu ɗaya da ya rage mana shi ne kada a ga wata. In Ramadan ya cika talatin, gobe ma azumi ne, Umrarta ta faɗa ciki ko da mun isa da dare. A duk faɗin ƙasar nan yara suna ɗokin sababbin kaya, mata sun gama cincin da ƙunshi, masu azumi sun gaji, kowa yana fatan a gani. Ina jin ni kaɗai ne a kan hanyar nake roƙon Allah ya sa gajimare, a ƙasar da gajimare baƙo ne. Ban san abin da ita take roƙo ba.

Rana ta faɗi muna da sauran tafiya. A bakin wani gidan mai wasu samari suna miƙa wa matafiya dabino da ruwa ta taga, na tsaya muka karɓa, muka buɗe baki, na riƙe mata hannu zuwa ɗan masallacin wurin. Muna fitowa wayoyin mutane suka fara ƙara kusan a tare. Wani ya ɗaga tasa sama, masu manyan motoci suka danna oda, mutanen da ba su san juna ba suka shiga rungumar juna suna barka da Sallah. Wani dattijo Balarabe ya kama hannuna yana yi mini murna, na amsa masa yadda ake amsawa.

Da muka koma mota ban tayar ba. Na ce mata na taɓa karantawa cewa akwai malaman da suke ganin abin lura shi ne lokacin da aka ɗauki harami, tun da kuwa ta ƙulla niyya da safe a cikin Ramadan, to Umrar Ramadan ce. Gaskiya ne akwai masu wannan ra'ayi, ban ƙirƙira ba. Amma na san dalilin da ya sa na tuna da shi a lokacin, ita ma ta sani.

"Na san maganar, ɗan nan," ta ce. "Na san ta waɗanda suka ce ba haka ba ma. Tayar mu tafi, haramin yana kaina."

Muka shiga Makka ana kabbarorin Idi. Na nemo keken guragu na tura ta ɗawafi da sa'ayi a cikin cunkoson da ban taɓa ganin irinsa ba, ta yi addu'o'inta duka, ba ta tsallake ko ɗaya ba, har da sunayen 'ya'yana masu gaishe ta da Larabci. Wata mata daga ayarinsu ta yanke mata bakin gashi. Na miƙa ta ga mutanenta a masauki, ta ce in yi tuƙi a hankali, in gaida maiɗakina.

Bayan hutun Sallah na gyara abin a ofis cikin yini guda. Yanzu gwajin yana share bayansa ko an katse shi a tsakiya, kukin kuma ba ta kwana. Ba wanda ya yi mini maganar a taro, sai dai an daina neman wayata.

Gwaggo tana nan da ranta, gwiwoyin sun ƙarasa zaunar da ita, ba ta sake zuwa ba. Muna waya a kai a kai, tana gyara mini Hausa kamar da. 'Yarta ta gaya mini cewa da ta koma gida mata suka cika ɗakin suna yi mata barka da Umrar Ramadan, sai ta dakatar da su. Ta ce a faɗi abu yadda yake, ta ɗauki harami a Ramadan, ta yi ɗawafi a Shawwal, sauran yana wurin Allah. Suka tambayi abin da ya tsayar da ita. Ta ce hanya ce ta yi tsawo.